Sunan da Bai Hau Dutse Ba

Talatu ba ta taɓa taka ƙasar Faransa ba, amma da za a ɗaure mata ido a ajiye ta a ƙofar ginin nan, da ta kai kanta har saman hasumiya ba tare da tuntuɓe ba. A kan teburin kicin ɗinsu na unguwar Edmonton, a London, ta san shi. Duk sanda mijinta Almu ya dawo hutu, in ya ci tuwo ya wanke hannu, sai ya jawo faranti ya kife, ya jera kofunan shayi huɗu a gefensa, ya ce, “To, ga shato.” Haka mutanen can ke kiran irin gidan. Fada ce ta dutse, ta wani basarake da ya bar duniya kusan shekara ɗari biyar da suka wuce.

Kofunan su ne hasumiyoyi. Igiyar cajin waya yake zagayawa da ita, wai ramin ganuwa ne cike da ruwa, har da agwagi. Cokali kuwa gada ce, wadda ake ɗagewa da sarƙa in an hango abokan gaba.

“Kaurin bangon nan, Talatu, in na kwanta a kai, ke ma kika kwanta daga ƙafata, ba mu kai ƙarshensa ba. Ga 'yan kafofi sirara na leƙe da harbi. Ga ramuka a ƙarƙashin rawanin bango, inda ake sako wa mutum dutse a ka. Amma kina shiga tsakar gida sai ki rantse wata duniya ce. Tagogi sun fi ƙofar nan girma, an sassaƙa furanni da inabi a jikin dutse kamar aikin babbar riga, ga matakala tana murɗewa sama kamar gidan katantanwa. Kakan ne ya gina waje, lokacin yana jin tsoro. Jikan ya gina ciki, shi ya ƙoshi.”

“Kai kuma me ka gina?”

“Ni ke hana shi faɗuwa.”

“To ɗage mini gadarka, Malam, zan wanke shatonka tun maiƙo bai daskare ba.”

Almu ɗan gidan magina ne a Zariya. Ubansa Gariba yana cikin waɗanda ake kira in za a ɗaure bakan soro. Alhaji Jalo, wani attajiri mai harkoki a ƙasashe, shi ya kawo shi London don ya kula masa da gida. Shekara ashirin Almu yana gyaran famfo, yana fenti, yana kai yaran Alhaji makaranta, hannunsa bai taɓa aikin da aka haife shi a ciki ba. Sai Alhaji ya sayi shaton nan, yana so ya mai da shi wurin bikin masu hali, ya tura Almu ya sa ido a kan ma'aikata.

Ido aka ce ya sa, amma kwana uku ya yi ya sa hannu. Ya tarar bangon hasumiyar gabas yana zubar da ruwa kamar mai kuka. Wasu da suka yi gyara a baya sun shafe shi da siminti, farin dutsen nan mai laushi yana ruɓewa a ƙarƙashi. Almu ya san ciwon tun yana yaro. Haka katangar ƙasa take yi a Zariya in an yaɓa mata siminti, damina biyu sai ta kwaɓe ta zube. Ya kama hannun shugaban ma'aikatan, wani tsohon Bafaranshe, ya ɗora masa a bango, sannan ya toshe hancin kansa ya nuna masa yadda mutum ke shaƙewa. Tsohon ya dube shi, ya miƙa masa kurfi da guduma. Suka ɓamɓare simintin kaf, suka koma farar ƙasa da yashin kogi, yadda bango zai yi numfashi. Da aka zo saman matakala, inda duwatsu ke tashi daga ginshiƙi ɗaya su baje kamar rassan dabino, duk aka tsaya ana kallon takarda. Almu bai kalli takarda ba. Ya taya ubansa ɗaure irin wannan da azara tun kafin ya yi gemu.

Shekara bakwai ya yi yana zuwa yana dawowa. Faransawan ba su wahalar da kansu da sunansa ba. Don kullum bakinsa na kan garinsu, sai suka sa masa Zariya, shi kuma yana amsawa.

Abu ɗaya ne ba a gyara ba. Tun da Ingila ta raba gari da tarayyar Turai, mai zaune a London ba ya aiki a can sai da izini, Alhaji kuma bai nema masa ba. A takarda Almu baƙo ne mai ziyartar gidan ubangidansa. Faransawan kamfaninsu na ba su abin rufe hanci, ana duba ƙirjinsu duk shekara. Shi hankici yake ɗaurawa. In ya dawo Talatu ta wanke kayansa, ruwan sai ya yi fari kamar kunun shinkafa.

Ba ƙurar ce ke bakinsa ba. Labarin alamomi ne. Ya ce maginan dā kowa yana da 'yar alamar da yake sassaƙawa a dutsen da ya sare, wani kibiya, wani tauraro, wani kamar ƙafar kaza, har ya fara gane hannun kowa.

“Mai ƙafar kazan nan malalaci ne, Allah Ya jiƙan musulmi. Duk dutsensa sai na sake daidaita shi.”

Ranar da ya gama saman matakala, farar ƙasa tana ɗanya, ya ja yatsu uku a kai ya kewaye su da zobe. Alamar Gariba ce, wadda yake bari a bayan ƙofar duk soron da ya gama. Almu ya dawo yana ba da labari kamar wanda ya yi aikin Hajji. Ya ce akwai wata Baturiyar Ingila, Jane, mai binciken tsofaffin gine-gine, Alhaji ya ɗauke ta ta rubuta littafi a kan shaton. Kuma za a kafa allon dutse a bakin ƙofa, a sassaƙa sunan duk maginin da aka sani ya taɓa ginin, daga na farko har na yau.

Tarin ya fara a shekara ta shida. A ta bakwai ba ya iya hawa benen flat ɗinsu sai ya huta sau biyu. Likita ya nuna wa 'yarsu Mufeeda hoton ƙirjin, ya ce huhun ya taurare. Wata ranar Laraba da la'asar, a gadon asibiti, Almu ya cire robar iska daga fuskarsa ya kama gefen mayafin Talatu.

“Allon nan. Ki tsaya a kai.”

“Mai da abin nan hancinka, Malam.”

“Ki ji ni. Baba ya gina soraye sun fi arba'in. Ruwa ya ci wasu, masu bulo sun rushe saura. Babu inda sunansa yake. A sa nawa da nasa tare. Dutse ba ya narkewa.”

Ta ce ta ji, ta ɗauka. Ranar Asabar ya cika.

To, ga inda gizo ke saƙa. Shekara talatin da ɗaya suna tare, sunan Almu bai taɓa fita daga bakin Talatu ba. Haka ta tashi ta ga uwarta, haka uwarta ta ga tata: mace mai kunya ba ta kama sunan mijinta. Malam take cewa, ko Baban Mufeeda. Akwai wani mai sayar da nama a kasuwar Edmonton da suke suna ɗaya, shi ma Mai-sunan-Malam take kiransa. In an tambaye ta a ofishin council ko wurin likita, katinsa take zarowa daga jaka ta miƙa. Mufeeda, da aka haifa a nan, tana jin Hausa tana amsawa da Turanci, ta sha tsokanarta.

“Mum, it's four letters. A, L…”

“Rufe mini baki, marar ta-ido.”

Almu kuwa yana jin daɗin abin. Yakan ce ko a Zariya irin Talatu sun ƙare.

Tana wata na biyu a takaba, da hantsi, Mufeeda ta tafi aiki, aka buga ƙofa. Baha'uddeen ne, babban ɗan Alhaji, wanda ya karanta lauya. Talatu ta goye shi a bayanta lokacin da uwarsa ke jego na biyu, Almu kuma shi ya koya masa tuƙi. A bayansa ga wata doguwar Baturiya mai furfura, ta riga ta cire takalma tana riƙe da su a hannu.

“Inna Talatu, ya ƙarin haƙuri? Wannan ita ce Jane, mai littafin. Ta matsa sai ta zo ta yi miki gaisuwa.”

“Haƙuri sai ma'abocinsa, Baha. Ku shigo. Ya Hajiyarku?”

Suka zauna. Jane ta buɗe jaka ta fito da hoto babba ta ajiye a kan tebur, daidai inda ake kife faranti. Yatsu uku da zobe. Talatu ta ga har inda ɗan yatsansa na tsakiya ya karkace, wanda dutse ya taɓa dannewa. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Jane ta yi magana a hankali, Baha'uddeen yana mayarwa. Ta ce tsohon Bafaranshen ya rantse mata ba don mutumin nan ba da hasumiyar gabas ta faɗa cikin ruwa. Ta ce shekara talatin tana duba gine-gine, ba ta ga wanda ya ɗaure saman matakala da ido kawai ba. Amma su da sunan Zariya kawai suka san shi. Tana so ta ji cikakken sunansa daga bakin iyalinsa, da yardarsu, kafin ta kai wa mai sassaƙa.

Ta buɗe ɗan littafinta, ta cire murfin biro, ta dubi Talatu. Wannan ba ya bukatar fassara.

“His name?”

Sunan ya taso wa Talatu har maƙogwaro. Ta ji shi a kan harshe, da nauyinsa. Amma ga Baha zaune, yaron da ta share wa majina, ga baƙuwa, ga ta cikin takaba, mutumin ko wata biyu bai cika a ƙasa ba. Yau ne za ta fara kiran sa gatsal kamar wata sa'arsa? Ta sunkuyar da kai. Sai ta yunƙura za ta tashi.

“Bari in ɗauko katinsa a ɗaki.”

“Haba Inna, zauna. Da ciwon ƙafar nan? Ni ban san sunan Baba ba ne? Zan ba ta, har da yadda ake rubutawa.”

“Da na mahaifinsa. Ya ce a haɗa.”

“Duka, Inna. Ki bar shi a hannuna.”

Ya juya ya yi wa Jane Turanci mai tsawo, a tausashe. Turancin Talatu na bas ne da kasuwa, amma ta tsinci kalma biyu, “culture” da “private”. Ta ga Jane ta dafa ƙirji, ta gyaɗa kai sau uku, idonta ya kawo ruwa. Ta ga ta mai da murfin biro. Ta bar mata hoton, ta riƙe hannunta da hannu biyu, suka tafi.

Da yamma ta gaya wa Mufeeda an zo, an gama.

“Did you see her write it?”

“Baha zai ba ta.”

“Mum. Kin gani da idonki?”

“Ke komai sai kin gani da ido? Yaron nan a bayana ya yi fitsari.”

“Give me her number. Ko nasa. I'll just check.”

Talatu ta hana. Ta ce ba a tuhumar gidan da aka ci gishirinsa shekara talatin. Wa ya kawo su ƙasar nan? Wa ya tsaya aka yi jana'iza? In Mufeeda ta buga waya, Hajiya za ta ce ba su yarda da ɗanta ba, da wane ido za ta dube ta? Mufeeda ta tura kujera ta shige ɗaki. Murfin biron nan kuwa bai bar Talatu ba. Tana wanke-wanke ta ji ƙarar rufe shi, tana salla ta ji. Sau biyu ta ɗauki waya ta nemo lambar Hajiya, sau biyu ta ƙare da tambayar lafiyar jikoki.

Bayan shekara guda Hajiya Asama'u, matar Alhaji, ta kira da kanta.

“Talatu, littafin gidan Faransa ya fito. Ranar Lahadi da azahar za a yi taro a nan gida, manyan mutane za su zo. Na yi booking masu abinci, amma Alhaji ya ce masa sai taki. Ki zo da tandarki.”

“To, Hajiya. Allah Ya kai mu.”

Ta jiƙa shinkafa tun Juma'a. Ta ɗaura atamfar da Almu ya sayo mata a Sallar ƙarshe. Mufeeda ta ɗaukar mata tanda a jaka, suka hau bas, suka sauka suka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, fuskar yarinyar a ɗaure.

Ta ƙofar baya suka shiga, kamar kullum. Talatu ta yi masa ta fi ɗari biyu. Daga kicin tana jin falo yana cika, ana dariya, ana ta “ranka ya daɗe”. Duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta hango wani babban allon talabijin yana nuna shaton. Karo na farko ke nan da ta gan shi yana motsi. Ga kofunan nan huɗu, da rufinsu mai tsini, baƙi kamar an shafa shuni. Ga ruwan, har da agwagin. Malam bai ƙara ko ɗaya ba.

Mufeeda ta fita da tire, ta dawo ba tire, da littafi a hannu. Katon littafi ne, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ta ajiye shi kusa da kwanon ƙullu ta buɗe. Yatsu uku da zobe, sun cika shafi guda.

“Karanta mini,” in ji Talatu, tana goge hannu.

Mufeeda ta karanta da Turanci. Sannan, abin da ba ta saba yi ba, ta mayar da Hausa, kalma kalma, kamar mai tafiya a kan ƙaya.

“Wannan alamar wani ma'aikaci ce, ɗan Afirka ta Yamma. Iyalinsa sun roƙi a ɓoye sunansa, saboda al'adarsu.”

“Sake.”

Ta sake.

“Allon fa?”

Mufeeda ta juya zuwa ƙarshe. Ga hoton allon dutsen an riga an kafa shi a bango. Sunaye sun jeru tun daga sama, na mutanen da suka zama ƙasa tun tuni, har zuwa tsohon Bafaranshen da yaransa shida. A can ƙasa, da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare, sunan Alhaji Jalo, wanda ya raya ginin. Talatu ba ta da boko mai yawa, amma ta san siffar sunan mijinta, shekara talatin tana miƙa katinsa. Ta bi layukan da yatsa har sau biyu.

Masa ta ƙone a tanda. Ƙaurin ne ya shigo da Baha'uddeen.

“Inna, wani abu na ƙonewa…” Ya ga littafin, ya tsaya.

“Baha, me ka gaya wa matar nan a gidana?”

“Inna, ba yanzu ba. Baƙi…”

“A gidana, a kan teburina. Me ka ce mata?”

Ya tura ƙofa ya rufe, ya rage murya. “Ki fahimce ni. In sunan Baba ya fito a littafi, ya fito a bango, hukumar can za ta tambaya. Wane ne shi, ina izinin aikinsa, me ya kashe shi. Za a iya rufe wurin gaba ɗaya. Kina so a ja Alhaji kotu da tsufansa?”

“You lied to her,” in ji Mufeeda. “You sat in our kitchen…”

“Ban yi ƙarya ba. An tambaye ta, ta yi shiru. Na ce a al'adarmu ba ta faɗin sunansa. Ƙarya ne, Inna? Kin taɓa faɗa?”

Talatu ta dube shi. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Abin da Malam ke yabonta da shi, abin da ta riƙe shekara talatin da ɗaya kamar zinare a ƙulle, shi yaron nan ya ɗauka ya rufe mata miji da shi. Kuma ita ta miƙa masa.

Ta kashe wuta. Ba ta cire zanin aikin da ta ɗaura a kan atamfa ba. Ta tura ƙofar falo.

Alhaji yana tsaye yana jawabi, yana cewa gado amana ne, wanda bai san darajar ginin dā ba ba zai gina na gobe ba. Mutane sun kai sittin, maza da manyan riguna, mata da leshi, Turawa da kofuna a hannu. Talatu ta ratsa su har gaban talabijin ɗin. A daidai lokacin yana nuna matakala, tana murɗewa sama.

“Alhaji, gafara dai.”

Ya tsaya, yana murmushin wanda bai gane ba. “A'a, Talatu. Jama'a, ga mai masar da kuke ta yabo.”

“Wanda ya ɗaure saman matakalar nan yana da suna.”

Harshen ya ƙi, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Ta tura.

“Almu.” Ya fito a shaƙe, ita kanta ba ta gane muryar ba. Ta ƙara ƙarfi. “Almustafa Gariba. Ɗan Gariba magini, na Zariya. Mijina ne. Ƙurar gidan nan ce ta kashe shi.”

Sai wata tsohuwar Hajiya a kan kujera ta tafa hannu. “La'ilaha illallahu! Sunan miji, a gaban maza? London ta gama da mu.” Wata yarinya ta yi dariya ta toshe baki. Turawan suna duban juna, suna murmushi, suna jira a fassara musu, wataƙila sun ɗauka wata addu'a ce ta gargajiya. Wani ma ya fara tafi ya ga shi kaɗai ne ya daina.

Hajiya Asama'u ta iso ta dafa kafaɗarta da taushi. “Baiwar Allah, rashin nan ya taɓa ta. Tun rasuwar ba ta dawo daidai ba. Mufeeda, kai ta ta sha iska.” Alhaji ya ce Allah Ya jiƙan dukkan musulmi, aka ce amin, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A bakin ƙofar baya, wurin kwandunan shara, Jane ta cim musu da gudu. Ba ta ji Hausa ba, amma ta ga fuskar Baha'uddeen. Mufeeda ta gaya mata komai cikin jimla huɗu. Matar ta yi fari fat, ta jingina da bango. Ta ce ta ɗauka girmamawa take yi. Ta ce ta yi ta alfahari da wannan layin, don tana ganin ta kiyaye al'adar mutane. Ta ce allon an kafa shi tun watan jiya, littafi an buga dubu uku, kuma duka na Alhaji ne, ba nata ba. Wataƙila in za a sake bugawa. Za ta gwada.

“Me ta ce?”

“Ta ce she'll try. Za ta gwada.”

Jane ta laluba aljihu ta sami biro, ba ta sami takarda ba. Sai 'yar tishun da ta riƙo masa da ita. Ta shimfiɗa ta a tafin hannu ta dubi Talatu, kamar ranar nan.

Wannan karon sunan bai yi gardama ba. Talatu ta faɗa, Mufeeda ta jera baƙaƙen, Jane ta rubuta. Tishun ta sha mai, biron yana tsallake wuri, wajen “Gariba” ma ta yage kaɗan. Jane ta ninke ta da kyau ta sa a aljihun riga. Daga ciki aka kira ta, lokacin sa hannu a littattafai ya yi. Ta ce “sorry” sau uku ta koma.

Talatu ba ta koma ɗaukar tandar ba.

A bas ɗin Edmonton suka sami kujera a baya. Rana ba ta faɗi ba, yara suna ta hayaniya a benen bas ɗin. Mufeeda ta zaro littafin daga jakar tanda, ta ɗora a cinyar uwar.

“I took it. Su kira police.”

Sun wuce tasha uku. Sannan yarinyar ta jingina kai a kafaɗarta, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, “Ban taɓa jin shi a bakinki ba. Ki sake faɗa. Ni kaɗai.”

“In faɗa wa wa? Ranar da ake rubutawa na yi shiru.”

Ta buɗe shafin. Ta ɗora yatsunta uku a kan nasa, ba su cika gurbin ba. Da ta ɗaga hannu, man masa ya bar tabo uku a kan takardar. Ta sa gefen mayafi ta goga, ya ƙi fita.